Kalmar "leave" a Turancin wurin aiki: tambayoyi da amsoshi

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da sababbin ma'aikata da masu neman aiki suke yawan tambaya idan suka ci karo da kalmar *leave* a takardar ɗaukar aiki, ko a fom, ko a sanarwar da aka liƙa a allon ofis.

Mene ne ainihin ma'anar *leave* idan aka ambace ta a ofis?

Yawancinmu muna fassara ta da "hutu", kuma a hirar yau da kullum fassarar ta wadatar, amma asalin ma'anarta a matsayin suna shi ne izini. Idan aka ce an ba ma'aikaci *leave*, ana nufin wanda yake da iko a kansa ya yardar masa ya ƙaurace wa bakin aiki na wani ƙayyadadden lokaci, kuma gurbinsa yana nan yana jiransa. Abin da zai yi da lokacin wata magana ce daban. Mai jinya a gadon asibiti, da mai jego, da wanda ya tafi ƙaro ilimi, duk suna cikin *leave*, alhali babu wanda za a ce yana hutawa a cikinsu.

Wannan bambanci yana da tasiri a aikace. Hutu abu ne da mutum kan iya ɗaukar wa kansa, izini kuwa sai an bayar. Saboda haka ma'aikacin da ya cike fom ya miƙa, ya kama hanya kafin a sa hannu, bai shiga *leave* ba tukuna a idon ofis, komai ƙarfin dalilinsa. Irin wannan tafiya ba da izini ba ana kiranta AWOL, kuma bayaninta yana zuwa a gaba.

Shin ita ce kalmar nan da ke nufin tafiya ko barin wuri?

A rubuce da a furuci iri ɗaya suke, amma kalmomi biyu ne da suka fito daga tushe daban-daban a tsohon Turanci, daga baya siffarsu ta haɗu. Ɗaya aikatau ce, ma'anarta tashi daga wuri ko barin wani abu, kuma idan aikin ya wuce sai ta koma *left*. Ɗayar kuma suna ce mai ma'anar izini, ba ta canza siffa.

Kuskuren da ke tasowa daga nan yana iya jawo rikici. *He is on leave* na nufin mutum ya ɗauki hutu zai dawo. *He has left* kuwa na iya nufin ya tashi daga ofis a ranar, ko kuma ya bar aikin gaba ɗaya, musamman idan aka ƙara da sunan wurin aikin, kamar *he has left the bank*. Wanda ya gaya wa shugabansa *I want to leave* yana nufin neman hutu, zai iya tarar da an fahimce shi a matsayin mai shirin ajiye aiki.

Me ya sa ake yawan rikita ta da *live*?

Dalilai biyu ne. Na farko, Hausa ba ta da sautin *v*, shi ya sa bakinmu kan mayar da shi *f* ko *b*, har kalmar ta fito kamar *leaf*, wato ganye. Na biyu, abin da ya raba *leave* da *live* tsawon wasali ne: ta farko ana jan wasalinta, ta biyu ana taƙaita shi. Wannan bai kamata ya yi wa Bahaushe wuya ba, tun da yana bambanta garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi ta hanyar jan wasali. A rubuce ne kuskuren ya fi muni, domin *I am living Kano* da *I am leaving Kano* ba su da dangantaka, kuma "sick live" a kan wasiƙa yana rage wa mai rubutun kwarjini tun kafin a karanta buƙatarsa.

Yaya ake saka ta a jumla daidai?

Halin da mutum yake ciki ana bayyana shi da *on*, a ce *she is on leave*, ba a cewa *in leave* ko *at leave*. Ma'aikaci shi ne mai *apply for leave* ko *request leave*, wato nema. Hukuma kuma ita ce mai *grant* ko *approve*, wato bayarwa ko amincewa. Idan an ba shi, sai ya *take leave* ko ya *go on leave*. A ofisoshin gwamnati a Najeriya an fi jin *proceed on leave* wajen tafiya da *resume duty* wajen dawowa. Waɗannan daidai ne, sai dai Baturen Ingila na yau zai ji su da ƙamshin tsohuwar takardar hukuma, shi *be back at work* zai ce.

A daidaitaccen Turancin Ingila da Amurka ba a yi wa wannan suna jam'i. Ana cewa *ten days' leave* ko *ten days of leave*, ba a cewa *ten leaves*, ko da yake a Turancin Indiya ana yawan jin haka. Akwai kuma *take one's leave*, wadda ƙarin wakilin suna ya canza mata ma'ana: *he took his leave* na nufin ya yi sallama ya tafi, babu ruwanta da hutun aiki.

Mene ne bambancinta da *holiday*, *vacation*, *break* da *day off*?

*Leave* ita ce kalmar takarda da doka. A Ingila, ma'aikaci zai rubuta *annual leave* a fom, amma idan yana hira da abokin aikinsa *holiday* zai ce. A Amurka *vacation* ake cewa, *holiday* kuma a can ta fi nufin ranar hutun ƙasa baki ɗaya, kamar ranar 4 ga Yuli. Kamfanonin Amurka da dama sun haɗe hutun shekara da na rashin lafiya a asusu ɗaya da suke kira *paid time off*, a taƙaice PTO. A Najeriya, *public holiday* ita ce ranar da gwamnati ta ayyana, irin su ranakun Sallah da Kirsimeti da 1 ga Oktoba, kuma kowa ne ke samunta ba tare da ya nema ba.

*Break* ɗan taƙaitaccen lokaci ne a cikin yinin aiki, na cin abinci ko salla. *Day off* kuwa rana ce da jadawali ya nuna mutum ba ya aiki, kamar yadda ma'aikatan jinya da masu gadi suke samu bayan aikin dare.

Kwana nawa *annual leave* take ɗauka?

Kalmar ba ta ɗauke da adadi; dokar ƙasa da yarjejeniyar aiki ne suke yankewa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashe tana da yawa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 18, ta ce wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa ya cancanci aƙalla ranakun aiki 6 da cikakken albashi. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma ba kowa ne dokar ta shafa ba, domin ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru, waɗanda su takardar ɗaukar aikinsu ce madogararsu. A aikin gwamnatin tarayya, wanda ke matakin albashi na 07 zuwa sama yana samun kwana 30, na ƙasa da shi kuma ƙasa da haka. A Gana, dokar ƙwadago ta 2003 ta sa aƙalla ranakun aiki 15. A Birtaniya mako 5.6 ne, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako, kuma ana iya lissafa ranakun hutun ƙasa a ciki. A Amurka kuwa babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ba da hutun shekara mai albashi.

Abin da ya fi cancantar a duba a takardar aiki shi ne kalmar da ke gaban *days*. *Working days* ranakun aiki ne kaɗai, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutun ƙasa, *calendar days* kuma kowace rana ana ƙirga ta. Ga mai aiki daga Litinin zuwa Juma'a, kwana 30 na *working days* mako shida ne cur, na *calendar days* kuwa wata ɗaya ne kacal. Ma'aikata da yawa ba sa lura da wannan sai ranar da aka gaya musu ranar dawowa.

Idan ban tafi hutuna ba, za a biya ni kuɗinsa ko a ajiye mini shi?

Turanci yana da kalma ga kowanne. *Carry over* ko *defer* shi ne ɗage hutun zuwa shekara mai zuwa, *forfeit* shi ne asararsa, *payment in lieu of leave* kuma shi ne karɓar kuɗi a madadinsa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta yarda a ɗage hutu idan ɓangarorin biyu sun amince, muddin lokacin da aka tara bai wuce wata 24 ba, amma ta hana wanda ya ɗauki ma'aikaci ya biya kuɗi a madadin wannan hutu ga wanda aikinsa bai ƙare ba. Hikimar a fili take: da an bar ƙofar a buɗe, mai ƙaramin albashi ba zai taɓa zaɓar hutu ba.

Kada a rikita wannan da *leave allowance* ko *leave grant*, wanda alawus ne da wasu wurare suke biya sau ɗaya a shekara don taimaka wa ma'aikaci da kuɗin tafiya, galibi kashi 10 cikin ɗari na tushen albashin shekara.

Mene ne *casual leave*?

Izini ne na kwana ɗaya ko biyu saboda wata buƙata da ta taso ba shiri, kamar ɗaurin auren ƙani ko kai mahaifiya asibiti a wani gari. Kalmar ta zauna daram a aikin gwamnati a Najeriya da Indiya da Pakistan, amma a Ingila da Amurka ba kasafai ake jinta ba. Ba'amurke *personal day* zai ce. A wurare da yawa ana cire waɗannan kwanaki daga hutun shekara, don haka ya kamata a tambaya kafin a riƙa ɗauka barkatai. Ba ta da alaƙa da *casual worker*, wato ma'aikacin wucin gadi da ake biya kullum ko mako-mako.

Yaushe rashin lafiya ke zama *sick leave*?

Sai an sanar da wurin aiki ta hanyar da aka shimfiɗa. Kiran waya da safe a ce ba za a samu zuwa ba shi ne *call in sick*. A ƙarƙashin sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, ma'aikaci yana da haƙƙin albashin ranakun aiki har 12 a shekara idan likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyar. Takardar likitan ana kiranta *medical certificate* ko *sick note*, a asibitocinmu kuma an fi saninta da *excuse duty*. A Birtaniya mutum yana iya shaida wa kansa rashin lafiya na kwana bakwai, bayan haka sai ya kawo takardar da suke kira *fit note*.

Mene ne *maternity leave* da *paternity leave*, kuma ana biyan albashi a cikinsu?

Na farko hutun haihuwa ne na uwa, na biyu na uba, *parental leave* kuma ta haɗa duka biyun. Kasancewar abu *leave* bai nuna za a biya ba, shi ya sa ake ƙara *paid* ko *unpaid*, ko kuma *with pay* da *without pay*. A hutun haihuwa ne wannan ƙarin ya fi muhimmanci.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki a wurin, sannan ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Jihar Legas ta tsawaita wa ma'aikatanta mata zuwa wata shida a 2014, gwamnatin tarayya kuma ta amince da kwana 14 ga ma'aikatanta maza da aka yi wa haihuwa a 2021. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta sa mako 14 a matsayin mafi ƙaranci. A Birtaniya uwa tana iya ɗaukar mako 52, ana biyan wani abu a 39 daga ciki. A Amurka, dokar 1993 da ake kira FMLA ta ba da mako 12 ne ba albashi, kuma ba ta hau kan kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba. Abin da irin wannan doka take karewa shi ne gurbin aikin, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta farko.

Wace kalma ce ta dace da rasuwa, ko takaba, ko aikin Hajji?

Idan an yi wa mutum rasuwa, abin da zai nema shi ne *compassionate leave*, ko *bereavement leave* kamar yadda aka fi cewa a Amurka. Amma ya kamata a sani cewa a zuciyar mai karanta wasiƙar waɗannan kalmomi 'yan kwanaki suke nufi, gwargwadon jana'iza da karɓar gaisuwa. Matar da mijinta ya rasu, wadda takaba ta wata huɗu da kwana goma ta hau kanta, idan ta rubuta *compassionate leave* kawai ba ta faɗi buƙatarta ba. Ya fi kyau ta ambaci tsawon lokacin da dalilinsa na addini ƙarara, ta nemi a haɗa mata da hutun shekara ko da *leave of absence* idan dokar wurin ba ta tanadi wani abu na musamman ba. Haka ma maniyyaci: wasu hukumomi suna da tanadin hutu don ibada, wasu kuma daga hutun shekara suke cirewa, kuma tun da lokacin Hajji sananne ne, babu uzuri ga wanda ya bari sai ana saura mako ɗaya tashi.

Yaya *study leave*, *sabbatical* da *leave of absence* suka bambanta?

*Study leave* izinin tafiya ƙaro ilimi ne, mai albashi ko maras albashi. Mai albashin yakan zo da *bond*, wato alƙawarin da ma'aikaci ya sa wa hannu cewa zai dawo ya yi wa hukumar aiki na wasu shekaru, in ba haka ba ya mayar da abin da aka kashe masa. *Sabbatical* ta fi zama a jami'o'i, inda malami kan samu shekara guda bayan shekara shida ta aiki don bincike ko koyarwa a wata jami'a. Tushenta ɗaya da kalmar Asabar, daga al'adar barin gona ta huta a shekara ta bakwai da ke cikin Attaura. *Leave of absence* kuwa ta fi su faɗi: doguwar tafiya ce da izini, galibi ba albashi, kamar ta ma'aikacin da aka naɗa muƙamin siyasa ko wanda zai bi iyalinsa wata ƙasa. Kafin a sa hannu a kowanne, a tambaya ko shekarun za su shiga lissafin ƙarin girma da fansho, domin nan ne asarar da ba a gani da wuri take ɓuya.

An ce a tafi *compulsory leave*. Kora ce?

Ba kora ba ce, amma ba albishir ba ne. A nan kalmar ta rabu da ma'anarta ta asali, domin ma'aikaci bai nemi komai ba, umarni aka ba shi cikin lafazi mai laushi. Yawanci ana yin haka ne don a gudanar da bincike ba tare da wanda ake bincika yana zaune a kan fayilolin ba. A Amurka *administrative leave* ake cewa, kuma ana yawan jinta idan ana binciken ɗan sanda ko malamin makaranta. Ta bambanta da *suspension*, wato dakatarwa, wadda ta fi kusa da horo kuma tana iya taɓa albashi.

Akwai wasu guda biyu masu kama da ita. *Garden leave*, a Birtaniya, shi ne a ci gaba da biyan wanda ya ba da sanarwar barin aiki amma a ce ya zauna a gida har wa'adin ya cika, don kada ya kwashi sirrin kamfani ko abokan cinikinsa ya kai wa abokin hamayya. *Furlough* kuma sallama ce ta ɗan lokaci saboda rashin aikin yi ko rashin kuɗi. Kalmar ta bazu a 2020 lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin ɗari na albashin irin waɗannan ma'aikata, har zuwa fam 2,500 a wata.

Mene ne AWOL da *French leave*?

AWOL taƙaitawar *absent without leave* ce, wato rashin zuwa ba da izini ba. Daga aikin soja ta fito, kuma a nan ma'anar izini ta fito fili, domin babu wanda zai fassara ta da "rashin zuwa ba tare da hutu ba". A dokokin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya wannan babban laifi ne da ke iya kai ga kora, kuma yakan fara ne da takardar tuhuma. Wanda ya wuce ranar dawowarsa, wato ya yi *overstay*, shi ma ya faɗa ciki daga ranar da izininsa ya ƙare. *French leave* tsohuwar magana ce ta zolaya mai nufin sulalewa ba sallama, wadda Faransawa suka rama da jingina irin wannan tafiya ga Ingilishi. Ba ta dace da wasiƙar ofis ba.

Na ga *leave* a takardar biza da ta kotu. Ma'anar ɗaya ce?

Ɗaya ce, izini. A dokar shige da fice ta Birtaniya, *leave to enter* izinin shiga ne, *leave to remain* izinin zama, *indefinite leave to remain* kuma izinin zama ba wa'adi. Wanda ya ɗauke ta a matsayin aikatau zai karanta akasin abin da aka rubuta, ya zaci an ce ya fice. A kotunan Najeriya lauyoyi suna neman *leave of court* ko *leave to appeal*, wato izinin kotu ko izinin ɗaukaka ƙara, ko da yake kotunan farar hula na Ingila sun koma amfani da *permission* tun 1999.

Me ya kamata wasiƙar neman *leave* ta ƙunsa?

Irin hutun, da ranar farawa, da ranar dawowa bakin aiki, da wanda zai riƙe aikin. Jumla ɗaya tana iya ɗaukar yawancinsu: *I wish to apply for ten working days' annual leave from Monday, 3 March, and will resume duty on Monday, 17 March.* A lura cewa an ambaci ranar dawowa maimakon ranar ƙarewar hutu, domin "zuwa ranar kaza" yana barin gardama a kan ko ranar tana ciki, kuma an fayyace *working days* saboda dalilin da aka kawo a amsar *annual leave*. Wanda zai riƙe aikin ana kiransa *relief officer* ko *reliever*, bayanin da za a bar masa kuma *handover note*. Hutun shekara ba ya buƙatar a kawo dalili, amma na rashin lafiya da na rasuwa da na karatu suna buƙatar dalili tare da shaida. Bayan an miƙa, a jira amincewa a rubuce, a kuma ajiye kwafinta, domin "jeka kawai" da shugaban sashe ya faɗa a baranda ba ya shiga fayil, kuma idan aka canza shugaban kafin mutum ya dawo, fayil ɗin kaɗai sabon zai duba.